Cakulan a Bakin Daga: Tallan Kirsimeti da Haƙƙin Waɗanda Yaƙi Ya Ci

Sharhin wannan mako zai duba wata tambaya da ta taso a Birtaniya a ƙarshen shekarar 2014, wadda har yau masana tarihi da masu nazarin harkar talla suke komawa kanta, wato ko ya dace kamfanin kasuwanci ya ɗauki tunawa da mutanen da suka mutu a yaƙi ya saka ta cikin tallan da yake yi domin jawo masu saye a lokacin bikin Kirsimeti. Abin da ya tilasta wa jama'ar ƙasar yin wannan tambaya shi ne wani tallan talbijin da bai cika minti 4 ba, wanda babban kantin sayar da kayan masarufi na Sainsbury's ya fitar a daren 12 ga Nuwamba na waccan shekara, a tsakiyar wani shahararren wasan kwaikwayo na tashar ITV.

Mai sauraro ba zai gane dalilin da ya sa tallan ya tayar da ƙura ba sai ya san cewa Nuwamba a Birtaniya wata ne da lokuta biyu masu saɓanin hali suke cin karo a cikinsa. Na farko shi ne lokacin tunawa da 'yan mazan jiya, wanda yake kai ƙarshensa da ƙarfe 11 na safiyar ranar 11 ga wata, daidai sa'ar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, inda jama'a kan yi shiru na minti biyu, sannan a Lahadi ta biyu ta watan gidan sarauta da shugabannin siyasa su ajiye furanni a gindin dutsen tunawa da ke titin Whitehall a Landan. Makonni kafin ranar, mutane kan liƙa wa ƙirjinsu wani jan fure na takarda da ake kira fofi, kwaikwayon furen da ya riƙa tsirowa a filayen Flanders bayan igwa ta yamutsa ƙasarsu, kuma ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Royal British Legion, wadda aka kafa a 1921, ita ce ke raba shi tana karɓar gudummawa domin tallafa wa nakasassu da zawarawa da marayun sojoji. Tambarin da ake sayarwa a Najeriya gabanin 15 ga Janairu daga wannan al'ada ya samo asali, domin ƙasar ma a da tana yin tata tunawar ne a 11 ga Nuwamba, kafin a mayar da ita ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. A 2014 kuwa abin ya zarce na kullum, saboda yaƙin ya cika shekara 100 da farawa, har aka dasa furannin fofi na yumɓu guda 888,246 a ramin da ya kewaye Hasumiyar Landan, fure ɗaya ga kowane sojan Birtaniya da na ƙasashen da ta mallaka da ya mutu, kuma miliyoyin mutane suka yi tururuwa domin kallo.

Lokaci na biyu shi ne kakar tallan Kirsimeti, wadda manyan kantuna suka mayar da ita gasa ta shekara-shekara, musamman tun da kantin John Lewis ya yi fice da wani salo wanda ba ya nuna haja kuma ba ya faɗin farashi. Salon shi ne a shirya ɗan gajeren fim mai labari da kiɗa mai sanyi, a kai mai kallo gaɓar da ƙwalla za ta cika masa ido, sannan a daidai wannan gaɓa a fito da sunan kantin, domin taushin da ya sauka a zuciya ya manne wa sunan. A waccan shekara John Lewis ya riga ya fitar da labarin wani yaro da abokinsa tsuntsun fengwin, ƙasa kuma ta ɗauka, saboda haka duk kantin da ke son a ji ɗuriyarsa sai ya zo da abin da ya fi tsuntsu nauyi.

Sainsbury's ya zaɓi tsagaita wutar Kirsimeti ta 1914. Tallan, wanda kamfanin AMV BBDO ya tsara kuma Ringan Ledwidge ya ba da umarni, ya buɗe ne da dare a cikin ramin yaƙi na sojojin Birtaniya, dusar ƙanƙara tana sauka, wani matashin soja mai suna Jim yana kwance ƙunshin da aka aiko masa daga gida, a ciki akwai hoton wata budurwa da cakulan guda a naɗe cikin shuɗiyar takarda. Daga can ramin Jamusawa sai muryoyi suka tashi da waƙar coci ta daren Kirsimeti, Turawan Ingila suka amsa da harshensu. Da gari ya waye, kyamara ta tsaya kan wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, irin wanda ake bugawa a katin gaisuwar Kirsimeti, yana zaune a kan waya mai ƙaya. Jim ya fito daga rami hannuwansa a sama, Jamusawa suka yi wuf suka saita bindigogi, wani matashinsu mai suna Otto ya daka musu tsawa su dakata, shi ma ya fito. Aka gaisa, aka nuna wa juna hotuna, aka yi aski, aka buga ƙwallo a filin da ke tsakanin ramukan ɓangarorin biyu, har rugugin igwa daga nesa ya raba taron. Otto ya koma raminsa ya sa hannu a aljihun kwat sai ya taɓo cakulan ɗin, Jim kuwa ya buɗe gwangwaninsa ya dubi busasshen biskit ya yi murmushi. Daga nan rubutu ya fito yana cewa Kirsimeti lokacin rabawa da juna ne, sunan kantin ya biyo baya, sannan tambarin ƙungiyar tsofaffin sojoji. Washegari irin wannan cakulan, da irin wannan takarda, yana kan kanta a rassan kantin a kan fam ɗaya, kuma kamfanin ya yi alkawarin cewa ribar, rabin fam a kan kowane guda, ta ƙungiyar ce.

An kalli tallan sau miliyoyi a YouTube cikin 'yan kwanaki, cakulan ya yi ta ƙarewa a kantuna, yayin da hukumar ASA, wadda ke sa ido kan ƙa'idojin talla a ƙasar, ta karɓi koke fiye da 800 daga mutanen da suka ga abin cin mutunci ne ga matattu. Hukumar ta amince cewa wasu za su ga rashin dacewarsa, amma ta ce bai karya ƙa'ida ba, don haka ba ta hana shi ba. Hukuncin daidai ne a ma'aunin hukumar, domin abin da take iya aunawa shi ne ko talla ya yaudari mai saye, ko ya cutar, ko ya ɓata wa jama'a da yawa rai matuƙa, kuma babu ɗaya daga ciki da ya tabbata. Sai dai tambayar ɗa'a ta fi wannan ma'auni faɗi, kamar yadda marubuci Ally Fogg ya nuna a jaridar Guardian kwana ɗaya bayan fitowar tallan, inda ya yarda cewa aikin gwaninta ne, sannan ya ce a cikin gwanintar tasa hatsarin yake, tunda ya ƙawata yaƙin da babu abin ƙawa a cikinsa.

Masu kare tallan suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba. Kamfanin ya ɗauki Taff Gillingham, masanin tarihin soja da aka sani da tsantseni, ya ba shi shawara, kuma kaki da maɓallai da fasalin ramuka duk sun dace da na ƙarshen 1914. Abubuwan da aka nuna, daga waƙa zuwa musayar kyauta zuwa aski, akwai su a wasiƙun sojojin da suka halarta. Dangantakar kantin da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta kai shekara 20 a lokacin, ba a ƙulla ta domin tallan ba, kuɗin da aka tara kuma ya isa ga mutanen da ke da buƙata ta gaske. Akwai ma hujjar da ta fi waɗannan ƙarfi, wadda ita ce a ƙasar da wasu jaridunta suka daɗe suna raha da ƙiyayyar Jamusawa, tallan ya nuna abokin gaba a matsayin ɗan wani, mai tsoro da kewar gida, kuma yara da yawa ta nan suka fara jin cewa an taɓa yin wannan rana. Ban da haka, tunawa da yaƙi ba ta taɓa rabuwa da ciniki ba: tun yaƙin yana ci kamfanoni irin su Oxo da Bovril suke buga hoton soja a tallansu, furen fofi da kuɗi ake karɓarsa, furannin yumɓu na Hasumiyar Landan ma an sayar da su fam 25 kowane ɗaya aka raba wa ƙungiyoyin agaji wani kaso na kuɗin. Wanda zai ce kuɗi kaɗai ne ya ƙazantar da tallan, to sai ya yi bayanin dalilin da ya sa bai ƙazantar da waɗancan ba.

Matsalar tana bayyana ne idan aka jera tallan da abin da ya faru a ranar. A watan Disamba na 1914 an riga an gama gumurzun farko na Ypres, wanda ya kusan cinye ƙwararrun sojojin da Birtaniya ta fara turawa, ɓangarorin biyu kuma sun nutse cikin ramukan da ruwa da taɓo suka cika, a wasu wurare tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce a ji tarin juna ba. Fafaroma Benedict na 15 ya roƙi a dakatar da faɗa domin Kirsimeti, gwamnatoci suka ƙi. Janar Horace Smith-Dorrien, kwamandan ɗaya daga manyan rundunonin Birtaniya, ya fitar da umarni tun 5 ga wata yana haramta duk wata mu'amala da abokan gaba, domin ya lura cewa sojojin da suka daɗe suna fuskantar juna sukan fara sassauta wa juna. A ranar 18 ga wata aka tura bataliyoyi su kai farmaki a yankin Fleurbaix da wasu wurare, farmakin ya ci tura a gaban waya mai ƙaya da bindigogi masu aman wuta, gawawwaki kuma suka kwana bakwai a fili, a gaban idon abokansu, babu mai iya fita ya ɗauko su. Saboda haka da aka samu sarari a safiyar Kirsimeti, a wurare da dama aikin farko da sojoji suka yi shi ne ɗaukar shebur. A kusa da Fleurbaix an tattara gawa kimanin 100, Jamusawa suka taya ɗauko na Turawan Ingila da suka faɗi kusa da nasu ramin, aka binne su, sojoji suka tsaya sahu biyu suna fuskantar juna babu hula, limamin sojan Gordon Highlanders mai suna Esslemont Adams ya karanta Zabura ta 23, wani matashi Bajamushe mai karatun addini ya maimaita ta da Jamusanci. Musayar taba da maɓallai da gwangwanayen abinci a gefen waɗannan kaburbura aka yi ta.

Ƙwallon da tallan ya ba ta wuri mafi girma, ita ce mafi ƙarancin tabbas a cikin labarin. Akwai shaidar cewa an ɗan tuttura ƙwallo a wurare ƙalilan, amma masana irin su Mark Connelly na Jami'ar Kent sun nuna cewa yawancin labaran wasa mai tsari ji ne daga bakin wani, ko tuna baya bayan shekaru masu yawa, ga shi kuma filin cike yake da ramukan harsashin igwa. Tsagaita wutar ma ba ta game ko'ina ba, domin a wasu sassa an ci gaba da harbi, kuma an kashe sojoji a ranar, har da waɗanda suka fito da zaton an daina. Sojojin Faransa da Beljiyam, waɗanda a ƙasarsu aka kafa waɗannan ramuka, ba su shiga abin sosai ba, kuma dalilinsu a fili yake: watanni huɗu kafin nan sojojin Jamus sun kashe fararen hula 674 a garin Dinant kaɗai.

Abin da ya biyo baya ya fi komai nuna ma'anar ranar. Smith-Dorrien ya nemi a kawo masa sunayen hafsoshi da rundunonin da suka shiga, da niyyar ladabtarwa, hedikwatar sojan Jamus kuma ta fitar da umarni a 29 ga Disamba cewa kusantar abokin gaba cin amanar ƙasa ne. Da Kirsimeti ta zagayo a 1915, aka ba da umarnin a yi ta harba igwa domin kada a maimaita, kuma da Kyaftin Iain Colquhoun na rundunar Scots Guards ya amince da ɗan gajeren hutu domin Jamusawa su binne matattunsu, sai da ya gurfana a kotun soja. Lauyan da ya kare shi, Raymond Asquith, ɗan firaministan ƙasar na lokacin ne, kuma shi kansa an kashe shi a Somme a watan Satumba na 1916. Tsakanin Kirsimetin 1914 da ta 1915 an fara sakin iskar guba a Ypres a Afrilun 1915, sannan a ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai Birtaniya ta rasa sojoji 19,240. Mafi yawan furanni 888,246 na Hasumiyar Landan na mutanen da suke raye ne a ranar da aka yi waccan gaisuwa.

Daga nan za a ga cewa tallan bai yi ƙarya da abin da ya nuna ba, laifinsa yana cikin abin da ya tsame. Babu gawa ko ɗaya a cikinsa, babu shebur, babu jini, dusar ƙanƙara ta rufe filin fes. Babu kuma janar ko umarni, ta yadda rugugin igwa da ya raba Jim da Otto ya zo kamar tsawar hadari, abin da ba wanda ya aiko shi kuma ba wanda za a tuhuma. Alhali girman ranar ya ta'allaƙa ne kan waɗannan abubuwa biyu da aka cire, domin abin da ya sa ta zama abin mamaki shi ne kurata sun saɓa wa na gaba da su, sun ƙi kashe wanda aka ce su kashe, kuma sun yi hakan suna tsallake gawawwakin 'yan'uwansu. Idan aka cire saɓawar aka cire gawar, abin da ya rage shi ne samari biyu masu kirki da suka ba juna kyauta, darasin da ya fito kuma shi ne kyauta abu ne mai kyau, wanda shi ne ainihin darasin da mai kanti yake so a koya a watan Disamba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma kamfanin da ya ci moriyar nauyin da yaƙin ke da shi a zukatan mutane ya ɗauki ladan ya bar askin.

Masu nazarin adabi suna da suna ga wannan hali, wanda za a iya kira tausayin araha, wato motsin zuciya da mutum ke jin daɗinsa ba tare da ya jawo masa wani nauyi na tunani ko na aiki ba. Alamarsa ita ce yana rufe labari a inda ya fi daɗi, ya bar mai kallo da gamsuwa da kansa saboda ya yi ƙwalla. Fim ko littafi yana da zaɓi a nan, kamar yadda fim ɗin Joyeux Noël na Christian Carion, wanda ya fito a 2005 kan wannan tsagaita wuta, ya ci gaba har ya nuna hukuncin da ya hau kan mahalarta, duk da cewa shi ma an zarge shi da zaƙi. Talla ba shi da wannan zaɓi, domin aikinsa ne ya bar mai kallo cikin yanayin da zai so sunan da ya biyo baya, kuma babu kantin da zai yarda sunansa ya fito bayan hoton gawar da ta kwana bakwai a kan waya. Ke nan ƙawatawar ba kuskuren mai ba da umarni ba ne da wani gwani zai iya gyarawa; sharaɗin sana'ar ne, kuma duk wani tallan Kirsimeti da ya taɓa yaƙi dole ya yi ta.

Batun kuɗi ma yana buƙatar a dube shi da idon basira, domin cakulan ba shi ne hajar da ake tallatawa ba. A safiyar ranar da tallan ya fito, Sainsbury's ya sanar da asarar fam miliyan 290 kafin haraji a rabin shekara, galibi saboda rage darajar filaye da gine-ginensa, a daidai lokacin da kantunan rahusa na Aldi da Lidl, waɗanda abin dariya dukansu na Jamusawa ne, suke janye masa masu saye. Makonni kaɗan kafin nan, wata takarda da aka buga domin ma'aikata ta fito bisa kuskure a tagar wani reshe a gabashin Landan, tana kwaɗaitar da su su sa kowane mai saye ya ƙara kashe rabin fam a duk zuwansa kanti har ƙarshen shekara. Babu laifi a neman riba, amma waɗannan abubuwa suna nuna abin da kamfanin ke nema a wancan lokaci, wato iyalai su zaɓe shi wajen cefanen Kirsimeti, wanda shi ne mafi tsoka a shekara, kuma ribar wannan cefane ba ta cikin alkawarin da aka yi wa ƙungiyar. Masanin falsafa Michael Sandel na Jami'ar Harvard ya bambanta ƙorafi iri biyu da ake yi kan shigar kasuwa wuraren da ba nata ba: na farko shi ne rashin adalci ga wani ɓangare, na biyu kuma shi ne gurɓata ma'anar abin da aka saka wa farashi, ko da kowa ya yarda kuma kowa ya amfana. Sadakar da aka bayar tana iya amsa ƙorafi na farko, amma ba ta taɓa na biyu ba. A nan ne kuma bambancin furen fofi yake, domin wanda ya karɓi furen ya ba da kuɗi ne saboda matattu da waɗanda suka bari, yayin da a tallan matattu ne aka sa su yi wa kanti aiki, aka ba ƙungiyar tsofaffin sojoji wani kaso.

Amincewar ƙungiyar tsofaffin sojoji ita ce garkuwar da kamfanin ya fi dogaro da ita, sai dai garkuwar tana da huji. Ƙungiyar tana wakiltar rayayyun tsofaffin sojoji da iyalansu, tana da kuɗaɗen da dole ta nema kowace shekara, kuma ba aibu ba ne ta yi maraba da mai kawo su. Amma ba ta gaji mutanen 1914 ba, balle Jamusawan da aka yi amfani da kakinsu. Harry Patch, soja na ƙarshe na Birtaniya da ya yi yaƙi a cikin ramuka, ya rasu a watan Yuli na 2009 yana da shekara 111, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya sha bayyana yaƙin a matsayin kisan kai da aka tsara. Shekara biyar kacal bayan rasuwarsa tallan ya fito, kuma da wuya a yarda cewa hakan dacewa ce kawai, domin babu kamfanin Birtaniya da ya yi tunanin shirya irin wannan fim kan sojojin da suka mutu a Helmand ta Afghanistan, waɗanda iyayensu mata suke raye suna kallon talbijin. Abin da ya halatta ɗaya ya hana ɗaya shi ne babu sauran wanda zai buga waya ya ce ɗansa ne.

Mutanen birnin Bristol sun ƙara wani zargi a lokacin, domin kamfanin yana da yarjejeniyar sayen filin wasa na Memorial, wanda aka buɗe a 1921 domin tunawa da 'yan wasan zari-ruga na birnin da suka mutu a yaƙin, da nufin rushe shi ya gina kanti. Daga baya kamfanin ya janye, kotu kuma ta ba shi gaskiya a 2015 kan fita daga yarjejeniyar, amma janyewar ta faru ne bisa lissafin kasuwa.

Akwai kuma tambayar ko yaƙin wa ake tunawa. A Disamban 1914 sojojin Indiya, Musulmi da Hindu da Sikh, suna riƙe da wani babban yanki na layin Birtaniya a Faransa, kuma ɗayansu, Khudadad Khan, ya riga ya samu lambar bajinta mafi girma ta Victoria Cross saboda jaruntakar da ya nuna a ƙarshen Oktoba. Yaƙin ya iso har ƙofar ƙasar Hausa, domin sojojin Najeriya sun tashi daga Yola suka fafata a Garwa, wasu kuma suka tashi daga Maiduguri ƙarƙashin Kyaftin Fox suka yi wa Kyaftin Ernst von Raben da sojojinsa, waɗanda mafi yawansu 'yan Afirka ne, ƙawanya a kan dutsen Mora da ke arewacin Kamaru daga Agustan 1914 zuwa Fabrairun 1916. A can ma an ɗaga farar tuta a jajibirin Kirsimeti ta 1914, aka aika da kyaututtuka zuwa kan dutsen, aka dakatar da harbi. Sunayen da tarihi ya adana daga wannan rana na hafsoshin Turawa ne, kuma a Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta amince cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, galibinsu sojoji da 'yan dako na Afirka da Gabas ta Tsakiya da suka mutu a yaƙin, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har sakataren tsaro na lokacin Ben Wallace ya nemi gafara a majalisa. Ba za a ɗora wa tallan minti uku da 'yan kai alhakin wannan ba, amma talla yakan zaɓi fuskar da mai saye ya riga ya saba da ita, kuma idan shi ne ya zama malamin tarihin miliyoyin yara, kamar yadda masu kare shi suke alfahari, to gurbin da ke cikin tunawar ƙasa ƙara zurfi yake yi.

Ostiraliya ta bi wata hanya dabam tun da wuri. Dokar da aka kafa a 1921 ta hana amfani da kalmar Anzac, sunan rundunar Ostiraliya da New Zealand da ta sauka a Gallipoli a 25 ga Afrilu 1915, a kowace harkar kasuwanci sai da izinin minista. A Afrilun 2015, watanni biyar bayan tallan Sainsbury's, babban kantin Woolworths na can ya buɗe wani shafi da ke ɗora tambarinsa a kan hotunan sojojin yaƙin, jama'a suka yi ca, ministan kula da tsofaffin sojoji Michael Ronaldson ya kira kamfanin, aka rufe shafin nan take. Dokar tana da iyaka, tunda kalma ɗaya take karewa, amma ta ajiye hukunci a hannun wanda ba shi da kaso a cinikin, wanda kuma majalisa za ta iya tuhuma. Birtaniya ba ta da makamanciyarta. Furen fofi na ƙungiyar Royal British Legion rajistaccen tambarin kasuwanci ne nata, ita ke ba da izinin amfani da shi, saboda haka a 2014 wadda ta yanke hukuncin ko tsagaita wutar 1914 ta dace da tallan kanti ita ce wadda aka yi wa alkawarin rabin fam a kan kowane cakulan da aka sayar.